Laraba, ni da Kawu da maganar Kabul

Yau ban taɓuka abin kirki ba. Da safe na ci karo da tsohon labarin harin Kabul na 29 ga Agusta, 2021, ya kuma ƙi sakina. Jirgin Amurka marar matuƙi ya yi sa'o'i yana bin wata farar mota, wai bama-bamai ke ciki. Ashe jarkokin ruwa ne. Direban motar ya iso gida ke nan, yara sun fito tarbarsa, makami ya sauka. Mutum 10 suka mutu, 7 yara ne. Daga baya aka ce kuskure ne, kuma ba a hukunta kowa ba.

Da yamma na kai wa Kawu maganar, tunda shi tsohon soja ne. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, yaƙi ɗan zamba ne. Abokin gaba ba ya rataya allo a wuya. Cikin mata da yara yake ɓuya, kai kuma daƙiƙa biyu gare ka."

Na ce, "Haka ne, Kawu, amma waɗannan sa'o'i suka yi suna kallo."

Ya yi shiru.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce dokar yaƙi kanta. Yarjejeniyar Janiba ta huɗu, ta 1949, ta ba fararen hula kariya. Ƙarin da aka yi a 1977 ya ce a bambance mayaƙi da wanda ba ruwansa, kuma kada ɓarnar da za ta faɗa kan fararen hula ta zarce ribar da ake hange a harin. Wato dai an yarda wasu su mutu, muddin ba su "yi yawa" ba. To wa ke riƙe da ma'aunin? Mai harbin. Yara nawa ne daidai da kwamanda guda? Ko rubuta tambayar sai da hannuna ya yi nauyi.

Na tuna wa Kawu wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar Sham, cewa kada a kashe mace ko yaro ko tsoho, kada a sare itace mai 'ya'ya. Kawu ya ce a lokacin da takobi ake yi, kana ganin idon wanda za ka sara.

Da zan tafi ya rako ni bakin ƙofa, abin da bai saba ba. Ya ce akwai wani dare da bai taɓa ba kowa labarinsa ba, in dawo ranar Asabar.