Daga Yamai zuwa Tawa bayan ruwan 2024

A ƙarshen damanar 2024 ne na kama hanyar Tawa daga Yamai. Muna fita gari, wajen Sorey, direba ya rage gudu ya nuna mana inda ruwa ya yanke kwalta a watan Agusta. Ya ce lokacin sai da kwale-kwale ake ƙetarewa, manyan motoci kuwa suka yi layi, kayan miya na ruɓewa a cikinsu alhali a kasuwannin Yamai ana nemansu ido rufe.

Dosso da Dogon Dutsi barci na sha. Sai da muka wuce Ƙonni, muka karkata arewa a Tsernawa, na wartsake. Gefen hanya ga katangun laka sun zube, ga rumbuna sun zauna ƙasa. A shekarar, ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, don azuzuwa da yawa sun koma masaukin waɗanda gidajensu suka rushe.

Wani dattijo Ba'adare da ke kusa da ni na ce wa: "Baba, bana dai an samu ruwa." Ya yi dariya. "Ɗana, ruwan wata guda in ya zubo dare ɗaya, ƙorama ce ke cin riba." Gonarsa ta fadama rairayi ya binne ta. Wadda ta ba shi damma ita ce ta kan fako, inda ya haƙa tassa, ramukan nan da ake zuba wa taki su riƙe ruwa. Wajen Badagishiri ya nuna mini irinsu. A cewarsa, fakon da a da ko kyauta ba mai so, yau sai da kuɗi, kuma mai hali ne ke saye, don haƙar tassa na cin ƙarfi da kuɗin ƙwadago. Wannan ne ya tsaya mini a rai: dabarar da aka kawo don talaka, ga ta tana neman fin ƙarfinsa.

A tashar Tawa samari na iske cike da benci, kowa da jakarsa, masu Abijan da masu Libiya. Tafiya biɗa tsohuwar al'ada ce a Adar. Ɗaya ya ce mini bana bai jira an gama ɗaurin dammai ba, kuɗin gyaran ɗakin tsohuwarsa zai nemo.