Ƙarfen sabis da ramin da na haƙa sau biyu

Shekarata goma sha ɗaya ina kwangilar kafa ƙarfen sabis, wato dogon turken da ake ɗora eriyar wayar salula a kai. Kamfanina ɗan ƙarami ne: ni, injiniya ɗaya, masu hawa huɗu, sai leburorin da muke ɗauka in aiki ya taso. Manyan kamfanonin da ke da turakun ne suke ba mu aikin, mu haƙa rami, mu zuba kankare, mu ɗaura ƙarfe. Duk wanda ya ji sana'ata, abin da yake fara tambayata shi ne ko ba ma tsoron faɗowa. Muna tsoro mana, amma wannan akwai igiya da bel. Fayil ɗin da ya kwanta a teburin jami'i kuwa babu igiyar da za ta janyo shi.

Turke mai tsawon mita 45, in kaya sun iso, cikin mako biyu mun tsayar da shi. Kankaren fandisho yana son kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi, wannan ma ka san ranarsa. Takarda ce ba ta da rana. Ko a Amurka sai da jan ƙafar ƙananan hukumomi ya ishi kowa, har hukumar sadarwarsu ta FCC ta yanka musu wa'adi a 2009: kwana 150 su ba da amsa kan sabon turke, kwana 90 in eriya kawai za a ƙara a kan wanda ke tsaye.

Abin da sababbin shiga ba sa ganewa shi ne, lasisin da kamfanin waya ya samu daga hukumar sadarwa na iska ne, bai taɓa ƙasa ba. Ƙasa tana hannun masu tsara gari, su kuma sun riga sun karkasa ta: nan gidajen zama, can kasuwanci, can masana'antu, can gonaki. A yankin masana'antu da wuya a wahalar da kai. A tsakiyar gidaje kuwa, inda sabis ɗin ya fi buƙatar turken, nan ne za a tambaye ka tsawo, da tazarar da ke tsakaninsa da katangar maƙwabci da titi da wayar lantarki, da inda zai kwanta in Allah ya kawo tsautsayi ya faɗi. Za su nemi rahoton gwajin ƙasa, da lissafin injiniya na ƙarfin iskar da ƙarfen zai jure, da takardar yarjejeniyar mai fili. Wani lokaci ma su ce me ya hana ka ɗora eriyarka a kan turken da ke kusa. A gaskiya ba na ganin laifin wannan tambayar, ko da yake aikina take ragewa.

Sai masu kula da jiragen sama. Jan fenti da fari da kake gani a jikin turke, da jar fitilar da ke ƙyaftawa a ƙololuwa, ba ado ba ne. Sun samo asali ne daga ƙa'idojin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, domin matuƙi ya hango shi dare da rana. In kana kusa da filin jirgi, tsawon da suka yarda da shi ne tsawonka, ko da sauran ofisoshi sun buga maka hatimi goma.

Darasin da ya fi yi mini tsada, a shekarata ta uku na koye shi. Takardu duk sun fito, fulan yana hannuna da sa hannu da hatimi. Muka fara haƙa, ba mu kai mita ɗaya ba muka ci karo da dutse shimfiɗe. Fasa shi zai ci mana kwanaki, ga masu aikin suna buga mini waya safe da yamma. Na dubi filin, na ce wa yarana mu matsa gabas da mita huɗu, ai fili ɗaya ne. Injiniyana ya ce, "Yallaɓai, mu koma mu sanar da su tukuna." Na ce masa wa zai zo da tef ya auna?

Aka zo da tef ɗin. Mun ɗaure rodi, mun zuba kankare, manyan kusoshin da ƙafafun turken za su zauna a kai sun fito reras, sai ga wani jami'i siriri da fayil a hammata. Bai ɗaga murya ba. Ya miƙa wa yarona bakin tef ɗin ya ce ya riƙe a jikin katangar maƙwabci, ya ja har gindin kankaren, ya duba fulan, ya sake duba tef. Ya ce, "Malam, wannan ba shi ne ginin da muka ba ka izini ba." Na shiga bayanin dutse. Ya saurare ni tsaf har na gama, sannan ya ce da na zo masa da batun dutsen kafin na zuba siminti, da wataƙila an samu mafita. Ya rubuta takardar dakatar da aiki ya manna a ƙofa. Mita huɗun nan sun shigar da ni cikin tazarar da doka ta ware wa maƙwabcin. Muka koma wurin farko muka fasa dutsen da na guje wa, daga aljihuna.

Na daɗe ina jin haushin mutumin nan. Yanzu da na waiwaya, tef ɗinsa bai yi ƙarya ba.

Tun daga nan na daina raina maƙwabta ma, domin sau da yawa ƙorafinsu ne ke kawo jami'i. Kafin mota ta sauke ko bulo ɗaya, nakan bi gida gida da kaina. Mafi yawansu batun lafiya suke ɗagawa, wai eriya na kawo cuta. Nakan gaya musu akwai iyakar da hukumar masana ta duniya, ICNIRP, ta gindaya tun 1998 ta kuma sabunta a 2020, kuma eriya can nesa take harba ƙarfinta, wanda ke tsaye a gindin turke kaɗan ne ke isa gare shi. Wasu su gamsu, wasu su yi shiru kawai. Wata dattijuwa ta bar ni na gama zuba, ta ce, "Ɗan nan, ni janaretanku nake tambaya. Ina zai fuskanta?" Ita ce ta fi kowa gane matsalar. Ƙara da hayaƙi da man da ke tsiyaya su ne ke ɓata zaman turke da mutane bayan mun kwashe kayanmu. Muka juya bututun hayaƙin ya ba tagarta baya, muka sa wannan gyaran a fulan, na kai aka buga masa hatimi kafin mu taɓa komai.

Wancan tsohon fandishon yana nan har yau a gefen turken, kusoshinsa sun yi tsatsa. Mai gadin wurin a kansa yake shanya kayansa.