Kafin a zuba kwalta a layinmu, a tsaya a yi maganar gudu

Toh jama'a, aikin layinmu dai ya kankama, gireda ta baje ƙasa, an haƙa lambatu hagu da dama, kowa sai murna yake, nima haka don ƙura da caɓi sun ishe mu. Amma duk wanda ya zauna a sabbin unguwannin bayan garin Kano ya san abin da ke biyo bayan sabuwar kwalta. Ramukan nan da muke zagi su ne ke sa direba taka birki dole, ranar da titi ya yi sumul ranar ɗan adaidaita sahu da mai tifa da yaron da ya ɗauko motar babansa za su mai da layin hanyar yanke, duk mai gudun cunkoson babban titi ta nan zai ɓullo.

A zaman da aka yi ƙofar gidan mai unguwa kusan kowa bamp yake kira, a sa bamp shikenan. Ban ƙi ba, amma wane iri? Wanda muka saba gani shi ne sai an buge yaro tukuna, rai ya ɓaci, matasa su yi karo-karo su sayo siminti su yi tudu siriri mai tsini kamar kunyar dankali, ba fenti ba alama, da daddare mai babur ya zo ya ci da baki, ƙaramar mota tana gogar ciki, mai naƙuda da za a kai asibiti kuwa sai dai a ce Allah ya sauwaƙe. Ga shi yana tare ruwa da damina, ruwa ya kwanta ya cinye kwaltar. Ɗan adaidaita kuma ba hawa zai yi ba, zai kauce ta gefe, wato daidai inda yara ke tafiya.

Na injiniyoyi daban ne fa. Tsawonsa kan kai wajen mita 3.7, tudunsa bai wuce santimita 10 ba, mota na hawa a hankali ta sauka a hankali. Akwai kuma mai shimfiɗaɗɗen kai wanda shi kansa wurin tsallakawa ne, irin wannan nake so a ƙofar islamiyya da masallaci.

Ni dai a ganina faɗin titin ne matsalar. Direba ba allo yake dubawa ba, idonsa ne ke gaya masa gudun da zai yi, in ya ga fili fetal miƙaƙƙe sai ya taka mai. In aka rage faɗin ya zama mota biyu su gifta da ƙyar, aka rufe lambatu da silab ya zama hanyar masu ƙafa mai ɗan tudu, aka dasa darbejiya a gefe, gudu zai ragu da kansa tun daga farkon layi har ƙarshe, ba wai a rage a kan bamp a ƙara wuta bayan an wuce ba. Mutanen Holan tun shekarun 1970 suke ƙera titunan unguwa da lanƙwasa da gangan. Hukumar Lafiya ta Duniya ma kilomita 30 a awa take ba da shawara a inda mutane da motoci ke cakuɗa, ƙasar Sifen ta mai da shi doka a yawancin titunan cikin gari a 2021.

Wani dattijo ya kawo maganar intalok irin na lungunan cikin gari, kuma yana da gaskiya, yana da sauƙin gyara in an zo sa bututun ruwa, sai dai in ba a danne ƙasa da kyau ba tifa za ta lotsa shi. Shataletale kam a manta, mahaɗarmu ba fili.

Nasan abin da za a ce, ina masu mota za su yi fakin, ina za a kafa rumfar biki, kuma hanyar masu ƙafar ma mai shayi da mai faci za su mamaye. Gaskiya ne wallahi, wannan sai kwamitin unguwa ya tsaya a kai. Amma sauya zane yanzu takarda ce kawai da sa hannun mai unguwa a kai wa injiniyan aikin, in ɗan kwangila ya zuba kwalta ya kwashe kayansa kuwa sai dai mu koma karo-karon siminti.