Ashe har Sifen ana shan kunun aya

Zafin watan Maris a unguwar Nima ta Akara ba ya jin lallashi. Jiya da la'asar na tsaya wurin wata hajiya mai kular abin sha a bakin kasuwa, ta buɗe, ga sobolo (wato zoɓo), ga lamurje, ga burkina (nono da gero) kwance cikin ƙanƙara. "Yarona, wanne za a ba ka?" Na ce, "Hajiya, lamurje, mai citta sosai." Yajin ya ratsa maƙogwaro, gumi ya karyo, sai jiki ya yi sakayau.

Ina sha ina tuna hirar wani ɗan'uwanmu da ya dawo daga Sifen. Ya ce a Balensiya akwai wani farin abin sha mai sanyi, orchata, da ake rububinsa da rani. Da ya kurɓa sai ya ji ashe kunun aya ne! Ayar nan dai irin wadda ake kawo mana daga yankin Kwahu a nan Gana. Su ma jiƙa ta suke yi, su markaɗa, su tace, su sa sukari. Sai dai ba dabino ba kwakwa, a nan kuwa suka rage masa armashi.

Zoɓo ma ya zaga duniya: karkade a Masar da Sudan, bisap a Senegal, har Meziko suna sha da ƙanƙara. Turkawa kuwa ayran suke yi, nono da ruwa da gishiri. Gishiri a nono? Ni kam a bar ni da burkina, geron nan ya kwanta a ƙasan gora, sai ka girgiza sosai kafin ka kafa kai.