Ranar da silifa ta ƙi zama a ƙafata

Ina da shekara 27 bayana ya fara ciwo. Lokacin ina taya Yayana harkar hatsi a Dawanau, kuma duk da ga 'yan dako, ƙuruciya ba ta barina in tsaya ina kallo ana sauke mota. Buhun masara mai kilo 100 sai in sunkuya in sungume shi, gwiwa a miƙe, baya a lanƙwashe. Wata safiya na ji ƙuguna ya riƙe. Na wuce kemis na sayi diclofenac, na sha, na koma bakin aiki.

Kuskurena na farko ke nan, kuma na shafe wata 8 ina maimaita shi. Ƙwayar tana kwantar da zogi ne kawai, abin da ya lalace yana nan yana ƙara lalacewa. Wannan ya ce basir ne, wancan ya ce sanyi ne, ni kuma duk abin da aka miƙo sai in sha. Da ciwon ya gangaro ɗuwawu ya bi bayan cinya har idon sawu, kamar an jona min wayar wuta, sai Kawu ya kai ni wurin mai ɗori. Ya ce targaɗe ne, ya danna, ya murza. Bayan nan wanzami ya yi min ƙaho. Ba zan zage su ba, abin da suka gada suka yi. Amma ciwon nawa yana can ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Ƙwayar kuwa ta bar min gyambon ciki, kuma daga baya na san tana iya taɓa ƙoda idan aka daɗe ana sha.

Ruku'u ya gagare ni, na koma salla a zaune. Duk da haka ban je asibiti ba, saboda na riƙe wata magana a raina: wai a asibitin koyarwa ɗalibai ne za su koyi aiki a jikinka, kuma duk wanda aka taɓa wa baya da wuƙa ya gama tafiya. Ƙannena, wannan tsoron ya fi komai cutar da ni.

Wata asuba zan tafi masallaci, silifar ƙafar hagu ta zame. Na mayar, na yi taku uku, ta sake zamewa. Na duba sai na ga tafin ƙafar yana reto, ina so in ɗaga yatsu sun ƙi. Yaya ya kalli ƙafar, ya ce, "Ɗauko hularka, yau sai asibiti."

Babban likitan ya zo da ƙananan likitoci a bayansa. Ya ce in taka da dunduniya, na kasa. Ya ce in ture hannunsa da babban yatsa, ko motsi. Ya tambaye ni ko fitsari yana riƙe min, ko ina jin taɓi a matsematsina. Sannan ya ce, "Malam, me ya zaunar da kai har yanzu?" Ban sami amsa ba.

Shi ya ɗauko ƙashin baya na roba ya nuna min. Ƙasusuwa 33 ne jere da juna, 5 daga ciki a ƙugu, kuma su ke ɗaukar nauyin gangar jiki. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifai mai taushi kamar matashi. Nawa, wanda ke tsakanin na 4 da na 5, ya fashe ya bullo ya danne jijiyar da ke ɗaga ƙafa. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna wannan, sai wani hoto na musamman da ake kira MRI. Ya ce laka tana ƙarewa ne a saman ƙugu, daga nan sai jijiyoyi su zubo kamar wutsiyar doki, kuma idan faifai ya danne su gaba ɗaya, mutum na iya rasa ikon riƙe fitsari da bayan gida har abada. Wannan ba a kwana da shi.

Ƙananan likitocin da nake gudu kuwa, su ne suka riƙa zagayo ni cikin dare. Babu abin da suka yanke sai da babbansu ya duba. A ɗakin da aka kwantar da ni na ga mai gadon kusa da ni, saurayi da doro ya fito masa. Shi tarin fuka ne ya ci masa ƙashin baya, ya daɗe yana rama da gumin dare ana cewa sammu ne, alhali maganin tarin fuka kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati.

Kada ku ɗauka duk ciwon baya sai tiyata. Yawanci yana lafawa cikin mako 6 da motsa jiki, magani bisa ƙa'ida da gashin ƙashi. Amma idan ya sauko ƙafa ya ƙi tafiya, ko ƙafar ta yi rauni, ko ta daina jin taɓi, ko da zazzaɓi da rama, ku nemi likitan ƙashi. Idan fitsari ya riƙe ko ya zubo ba da saninku ba, a ranar za ku tafi, ko da tsakar dare ne. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala tun 1959, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sai kuma na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, kusa da Zariya. Ku tafi da kwalayen duk magungunan da kuka sha, kada ku ɓoye wa likita komai, har na gargajiya.

An yi min tiyata aka cire ɓangaren faifan da ya bullo. Zogin ya tafi cikin kwanaki. Ƙafar ce ba ta dawo duka ba, domin jijiyar ta daɗe a danne. Na yi wata 6 ina zuwa gashi. Yanzu takalmi mai maɗauri nake sawa, kuma idan na ga yaro a rumfarmu ya sunkuya wa buhu, sai in tsayar da shi: ya durƙusa da gwiwa, ya jawo kayan jikinsa, ya kira wani su kama tare.