Kafin Ka Ɗaura wa Babbar Kyamara Gilashin Aro

Ranar Asabar da ta wuce ɗan ƙanwata ya zo shagona bayan la'asar, ya gaishe ni, ya zauna a kan bencin da masu jiran hoton fasfo suke zama, sannan ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, don Allah duba mini wannan lissafi." Abin da ya jera shi ne kuɗin wata kyamarar Fujifilm GFX 50R ta hannu da ya ga ana sayarwa, da kuɗin adafta guda 3, wato zoben da ake ɗaura wa kyamara domin ta karɓi gilashin da ba nata ba, da sunayen tsofaffin gilasai 5 waɗanda babu ko ɗaya da aka ƙera domin wannan kyamara, irin waɗanda nake kira gilasan aro. Na tambaye shi ina gilashinta na asali a cikin lissafin, sai ya ce ai ba a buƙatarsa, domin ya kalli bidiyo a YouTube an nuna cewa kowane gilashi yana hawa kanta. Na daɗe ina kallon wayar ban ce komai ba, saboda lissafin da na yi ne a 2018, kusan layi da layi, sai dai ni a bayan takardar rasit na rubuta nawa.

A wancan lokaci ina aiki da Canon 5D Mark IV, kuma ban rasa komai a wurinta ba. Abin da ya shiga raina shi ne irin kyamarorin da muke kira midiyam fomat, sunan da suka gada daga zamanin fim mai faɗin kusan santimita 6. Kamfanin Fujifilm ya fito da GFX 50S, yayar wadda yaron yake so, a farkon 2017, mai megafiksel 51.4, kuma sensa ɗinta, wato ɗan farantin da haske yake sauka a kansa a cikin kyamara, yana da milimita 43.8 a faɗi da 32.9 a tsaye, alhali na kyamarata yana da 36 da 24. Dala 6,499 ne kuɗin gangar jikinta kaɗai, a lokacin da dala take wajen naira 360. Na sayar da kyamarata, na sayar da wani fuloti da nake da shi a bayan gari, na haɗa na saye ta. Da na zo kan gilashi sai aljihu ya ce ya gaji. Gilashin da nake so domin hoton fuska, GF 110mm f/2, dala 2,799 ne, wato ya haura naira miliyan 1, ko ƙaramin na milimita 63 ma dala 1,499 ne. Ga kuma gilasan Canon har guda 4 a jakata. Sai na sayi adafta mai araha, na ce na tsallake.

Har yau ba na ganin tunanin nan wauta ne tun daga tushe, kuma duk wanda ya ce mini haka ba zan yarda ba. Tazarar da ke tsakanin bakin GFX da sensa milimita 26.7 ce, ta Canon EF kuwa 44, ta Nikon F 46.5, saboda haka zobe mai kaurin da ya cike bambancin ya isa ya ajiye gilashin daidai inda maƙeransa suka nufa. Wannan lissafi daidai ne, kuma shi ya sa ake ƙera adaftar tun farko. Abin da ban lissafa ba shi ne cewa kowane gilashi da'irar haske yake jefawa a bayansa, kuma girman da'irar an auna shi ne da farantin da aka yi gilashin dominsa. Daga kusurwa zuwa kusurwa, ƙaramin sensa milimita 43 ne da 'yan kai, babban kuwa ya kusa 55. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma a nan maganar ba misali ba ce kawai, domin da idona na ga inda zanen ya tsaya.

Ɗan siririn gilashina na milimita 40 ya rufe farantin kusan duka, sai ɗan duhu a kusurwoyi wanda ake iya gyarawa a kwamfuta. Na milimita 85 shi ma ya yi abin kirki. Amma gilashin da nake cin abinci da shi, mai zuƙowa daga 24 zuwa 70, da zarar na buɗe shi domin ya ɗebi jama'a sai kusurwoyi huɗu su yi baƙi ƙirin, kamar mutum yana leƙe ta cikin bututu. Kyamarar tana da wani saiti da yake yanke gefen hoto ya bar tsakiya daidai da girman ƙaramin sensa, kuma na yi ta amfani da shi watanni kafin na zauna na duba abin da yake ba ni, sai na ga megafiksel 30.5 ne. Kyamarar da na sayar tana da 30.4. Ke nan na rabu da fuloti domin in dawo inda na tashi, da kyamarar da ta fi waccan jinkirin kama fokas, tunda GFX 50S da bambancin haske da duhu take laluben fokas, kuma gilashin da ba nata ba sai ya yi ta kai da komowa kafin ya tsaya.

Da a nan abin ya tsaya, da asarar tawa ce ni kaɗai. Amma na ɗauki wannan haɗi na tafi da shi aikin biki, ba tare da na taɓa gwada shi a kan taron mutane ba. Ranar kamu, amarya ta fito tsakanin ƙawayenta, ina danna maɓalli gilashin yana ta lalube, har adaftar ta daskare gaba ɗaya, sai da na cire batir na mayar, kafin nan an riga an fesa turare an wuce. Wannan ma an yafe mini. Wanda ba a yafe ba shi ne hoton dangi na washegari, mutum kusan 30 a tsakar gida, an zaunar da kakar amarya a kan kujera a can gefen hagu saboda ƙafarta ba ta jure tsayuwa. A ɗan allon bayan kyamara komai ya yi kyau. Da na buɗe hoton a kwamfuta da daddare sai na ga fuskokin tsakiya garau, har zaren aikin hular ango ana iya ƙirgawa, na dama ma ba laifi, amma daga mutum na huɗu zuwa ƙarshen hagu fuskoki sun jirkice kamar an shafa su da yatsa. Idanun tsohuwar sun zama ɗigo biyu marasa siffa. Daga baya na gano cewa zoben bai zauna daidai ba, ɓangare ɗaya ya ɗara ɗaya kauri da abin da ido ba ya gani, kuma a kan sensa mai wannan yawan fiksel ɗan karkacen nan ya isa ya ɓata gefe guda, balle an haɗa shi da gilashin da dama can gefen da'irarsa aka tilasta masa aiki.

Uban amarya ya so a wanke masa wannan hoto babba ya rataya a falo. Na je gidansa na durƙusa na faɗa masa gaskiya. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malam, da ka gaya mana gwaji kake yi, ai da mun kira wani ya tsaya kusa da kai." Na mayar da rabin kuɗin aikin, ya karɓa, kuma gidan ba su sake kirana ba, su da duk wanda ya nemi shawararsu. Wani lokaci nakan ce wa kaina ba ni da wanda zan tambaya a lokacin, domin ban san kowa a kusa da yake riƙe irin wannan kyamara ba, kuma babu inda zan je in ɗaura gilashi in gwada kafin in biya. Gaskiya ne. Amma bango yana nan a bayan shagona, kuma minti 10 sun isa in kafa kyamara a kan ƙafa uku in ɗauki bangon in duba kusurwoyinsa. Ban yi ba, saboda ina ɗokin a gan ni da ita a wurin biki.

Kuma ban daddara ba, wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo idan na tuna. Maimakon in tara kuɗi in sayi gilashi ɗaya na asali, sai na shiga sayen tsofaffi ta intanet, yau na Minolta, gobe Helios ɗin Tarayyar Sobiyet, kowanne da zobensa, kowanne ina cewa ai bai kai komai ba. Biyu daga ciki sun iso da fumfuna a tsakanin gilasansu, irin farin zaren nan mai kama da saƙar gizo wanda ba ka ganinsa sai ka haska fitilar waya ta baya. Wani zoben cikinsa yana ƙyalli, sai ya mayar da haske ya bar farin tabo a tsakiyar hoto duk lokacin da na fuskanci taga. Ga hunturu, ina ta sauya gilashi a fili, sensa kuwa yana nan dab da baki babu madubin da zai kare shi, zoben kuma ba shi da robar da take hana ƙura shiga, har sai da sararin sama ya cika da ɗige-ɗige a kowane hoto. Ranar da na tattara rasit na haɗa jimla, kuɗin ya wuce na gilashin milimita 63 da na ce ya fi ƙarfina.

Duk da haka ba zan ɓoye ba, hoton da na fi ƙauna a duk abin da na ɗauka a rayuwata da gilashin aro na ɗauke shi. Pentax 67 ne na milimita 105 mai buɗin f/2.4, wanda aka yi wa fim mai girman santimita 6 da 7, saboda haka da'irarsa ta fi sensa ɗin GFX girma nesa ba kusa ba, kuma tsakiyarsa mai kyau kaɗai ake amfani da ita. Adaftarsa doguwa ce, ta kusa santimita 6, babu waya ko ɗaya a cikinta, fokas da hannu ake murzawa. Da shi na ɗauki mahaifiyata tana zaune a kan tabarma bayan la'asar, carbi a hannu, farin mayafi ya ɗan zame daga goshinta, na ƙara girman hoton a cikin maduba na murza a hankali har gashin idonta ya fito, bangon ƙasa da ke bayanta ya narke ya zama launi kawai. Ba ta gaggawa, ni ma ba na gaggawa, kuma babu wanda ya biya ni. Ta rasu bayan haka, hoton yana ɗakina. To, ta yaya zan kalli yaro in ce masa gilashin aro ba shi da amfani?

Abin da yake ɓata mini rai da yaran yanzu shi ne ba su san dalilin da ya sa suke son abin da suke so ba. Na tambayi ɗan ƙanwar tawa hoto nawa ya taɓa wankewa a takarda fiye da girman tafin hannu, ya yi shiru. Duk aikinsa a Instagram yake ƙarewa, inda ake matse hoto ya koma ɗan mitsitsi a kan waya, amma yana neman megafiksel 51. Bai iya auna haske ba idan an kashe masa atomatik, amma ya haddace sunayen gilasan da suka girmi ubansa. Har ya ce mini idan bai samu Fujifilm ba zai nemi Hasselblad X1D, bai ma san cewa ita ba ta da labule, wato ƙyauren da yake buɗewa ya rufe domin haske ya sauka a kan sensa, a jikinta ba, a cikin gilasanta na asali yake, saboda haka duk gilashin aro sai da labulen lantarki wanda yake ɗaukar kusan sulusin daƙiƙa kafin ya karanta farantin daga sama zuwa ƙasa. Da wannan zai je hawan Daushe ya ɗauki doki a guje? Ƙafafun dokin za su lanƙwashe, fitilar filashi ba za ta yi aiki ba, kuma a ƙarƙashin fitilun ɗakin taro hoton zai iya fitowa da ratsi-ratsi. Minti 5 na karatu ya isa ya san wannan, amma karatu ba ya cikin abin da suke yi, sai kallo.

Na yi niyyar in rubuto masa shawarwari kamar 10, da na zauna sai na ga ba su kai haka ba. Idan kuɗinka bai isa kyamara da gilashinta na asali guda ɗaya ba, to kuɗinka bai isa kyamarar ba, ka haƙura ka riƙe wadda take hannunka. Yanzu ma akwai GF 50mm f/3.5 da mai zuƙowa na 35 zuwa 70, waɗanda suka fi na zamanina sauƙi, don haka uzurin da na fake da shi ba ka da shi. Kada ka kai gilashin aro aikin da aka biya ka, ko da ka gwada shi sau ɗari, domin ranar auren mutane ba ta dawowa. Na san na faɗi haka alhali ni kaina har gobe nakan zaro Pentax ɗin idan amarya ta zauna ita kaɗai kuma akwai lokaci, amma ni na riga na ɗauki hoton da ake buƙata da gilashin asali kafin in taɓa shi. Idan kuma lallai sai ka ara, ka ari na manyan fim, irin Pentax 645 ko 67 ko Mamiya 645, ka sayi zobe ɗaya mai tsada maimakon uku masu araha, ka shigar da tsawon gilashin a saitin kyamara, ka ɗauki bango kafin ka ɗauki mutum.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To Kawu, amma ai kai ma da haka ka koya." Na ce masa da fuloti na koya, da kuma fuskar tsohuwar mutane, shi kuwa ba shi da fuloti. Ya goge gilasai 4 daga lissafin a gabana, ya bar ɗaya, ya ƙi goge kyamarar. Da zai tafi na buɗe durowa na ɗauko Pentax ɗin da adaftarsa, na naɗe su a tsohon rawani na ba shi aron wata guda idan kyamarar ta iso, da sharaɗin cewa mahaifiyarsa zai fara ɗauka, kuma ya kawo mini hoton a takarda.