Yau dai na shiga kabarin Tafawa Balewa

Shekara nawa ina wucewa ta gaban wurin nan a Bauchi ban taɓa leƙawa ba sai yau da ƙanena ya zo daga Gombe ya matsa min, wai "Yaya, ace kana garin ba ka taɓa shiga ba?" Kunya ta sa na ce mu je.

Hanyar shigan duhu-duhu ce sai ka fito fili ka tarar da kabarin, ba wani ado. Jikina yayi sanyi wallahi. Ni da iyakacin sanina da shi hoton naira biyar ne, ashe malamin makaranta ne a Midil ta Bauchi, daga nan ya shiga majalisar Arewa a 1946, ya zama ministan ayyuka a 1952, sannan sufuri, sai firayim minista a 1957 tun kafin 'yancin kai.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne 1950, mutumin da ake cewa ɗan ra'ayin riƙau ne, ɗan jam'iyyar NPC mai goyon bayan sarakuna, amma shi ya miƙe a majalisa ya ce a gyara tsarin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, lokacin da taɓa sarakuna ba wasa ba ne. Kakanmu ɗan jam'iyyar adawa ta NEPU ne na gani kashe ni, bai taɓa yabon NPC ba amma in an zo kan Balewa sai ya yi shiru.

Janairun 1966 sojoji suka kashe shi. Mun yi masa addu'a muka fito, ƙanena ya ce sai na siya masa masa tunda shi ya kawo ni.